Na kai shi ya kalle ni, aka koma kallonsa

Shekarun baya, lokacin da nake aikin tuƙi a Riyad, na yi kishi da abokina a kan abin da ba a ci ba a sha, wato tafin 'yan kallo. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a lokacin har abinci ya daina yi mini daɗi.

Ofishin kamfaninmu a Ulaya yake, ni kuma ina kwana a Sulay, ɗaki ɗaya da wannan abokin nawa. Unguwarmu ɗaya a Gusau, tare muka tashi. Ni na riga shi zuwa Saudiyya, ni na yi masa hanya har ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, da aikin lodi a wani sito. Ƙato ne na gaske, in ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗakin ya yi duhu, ga shi da sanyin hali da son barci. Ni kuwa siriri ne, irin waɗanda in iska ta taso ake ce musu su riƙe wani abu.

Aikina shi ne ɗaukar wani injiniya, dattijo ɗan ƙasar Ayilan. Baba nake ce masa, shi ma ya karɓi sunan. A but ɗin motar kullum akwai wasu sanduna masu kama da muciya mai faɗin baki, na daɗe ina zaton kayan aiki ne. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai shi rukunin gidajen Turawa da yake zaune, ya ce kada in tafi, in zo in ga wani abu. Muka zagaya bayan gidajen, sai ga fili mai ciyawa, da wasu mutane 'yan kaɗan sanye da hulunan kwano masu waya a fuska, suna dukan wata ƙaramar ƙwallo da irin sandunan nan. Ya ce wasan ƙasarsu ke nan, harlin suke ce masa, tun kakannin kakanni ake yin sa. Ni dai wasan sanda na sa masa.

Ranar ba su cika ba, babu mai tsaron gida a ɓangare ɗaya. Baba ya kifa mini hula, ya miƙo mini sanda, ya ce in tsaya kawai, in ƙwallo ta zo in tare. Bai gaya mini ƙwallon tana da taurin dutse ba, kuma gudunta ya fi na tsuntsu. Ta farko ta wuce ta gefen kunnena ina salati. Ta biyu ta same ni a cinya, na yi mako ina ɗingishi. Amma ta ukun na tare ta da sanda, na ji wani daɗi ya ratsa ni tun daga hannu har ƙirji. Daga ranar na kamu.

Na fi shekara ina zuwa. Na koyi ɗauko ƙwallo daga ƙasa da bakin sanda, na koyi cafe ta a sama da hannu ɗaya, na koyi aika ta can tsakiyar fili. Ba yabon kai ba, na iya. Abin da ya rage mana shi ne masu kallo. Benci-bencin gefen fili a wofi suke, in ban da matar Baba da ke zama da fulas ɗin shayi tana saƙa, sai wata kyanwa da ke zuwa saboda inuwa. In na yi wata tarewa mai ban mamaki na ɗaga kai, sai in ga matar Baba tana warware zare.

Da mun kusa tashi kuwa, sai motoci su fara shigowa. Bayanmu 'yan zari-ruga ne ke karɓar filin, waɗannan ƙattin da ke rungumar ƙwallo mai kama da gwanda suna ture juna. Kafin ka ce me, benci ya cika, an kunna kiɗa, hayaƙin gashin nama ya tashi, yara na guje-guje. Mu kuma mu tattara sandunanmu mu raɓa ta gefe kamar waɗanda suka zo sharar fili. Har matasan ƙasarsu Baba, waɗanda da ake wasan sanda da su, ɗaya bayan ɗaya suka koma can.

Abin yana cin Baba. A mota yakan ce mini ko a gida haka abin ya fara zama a yankinsu. Yana yaro, in za a yi wasa garin kan watse, a rufe shaguna, mahaifinsa ya saɓa shi a wuya don ya hango. Da ya je hutu na baya, ya ce ya zauna a filin garinsu yana jin muryar kowane ɗan wasa saboda rashin mutane, jama'a duk suna gaban talabijin ana zari-ruga. Ina jinsa ina gyaɗa kai, ina ganin kamar ciwon nasa ne shi kaɗai.

Ni abin da nake so bai da yawa: mutum ɗaya namu ya gan ni. A Sulay in na ba da labarin wasan, sai a ce wai Bature ya sa ni tsaron ƙwallo da muciya. Don haka na matsa wa abokina sai da ya yarda ya bi ni wata Juma'a. Na saya masa shawarma a hanya, na zaunar da shi a benci na gaba, na ce ya zuba ido. Ranar na yi wasa kamar za a ba ni sarauta. Da aka tafi hutun rabin lokaci na waiwaya, sai na hango shi ya jingina, baki buɗe, yana barci.

Tashinsa ya zo daidai da isowar 'yan zari-ruga. Mai horar da su ya gan shi yana miƙa, ya tsaya ya kalle shi daga sama har ƙasa, ya zagaya shi kamar mai taya rago. Ya tambaye shi ko ya taɓa wasa. Abokina ya ce shi dai buhu yake ɗauka. Mutumin ya yi dariya ya ce ai shi ke nan, ya zo atisaye.

Cikin 'yan watanni abokina ya zama abin kallo. In ya rungumi ƙwallo ya sunkuyar da kai, mutum uku na rataye a jikinsa yana tafiya da su. Suka ba shi riga mai lamba, suka sa masa laƙabi, in ya taɓa ƙwallo filin gaba ɗaya ya ɗauka. Hotunansa suka fara yawo a wayoyi har Gusau. Mahaifiyata da kanta ta kira ni, bayan gaisuwa ta ce ta ga hoton abokina Turawa sun ɗaga shi sama, ni ina nake lokacin? Na ce ina nan, Inna, ni na kai shi.

'Yan Sulay da suka yi mini dariyar muciya suka fara roƙon a sa sunayensu a bakin get don su shiga kallo. Kuma wa zai kai su? Ni mai mota. Sai in ce mu fita da wuri don su ga namu wasan, su ce rana ta yi zafi, in je in dawo in ɗauke su. Haka zan gama tare ƙwallo ba mai gani, in cire hula, in koma in kwaso masu zuwa yi wa abokina tafi.

Na fara magana marar daɗi. Ina cewa zari-ruga ai kokawa ce ta waɗanda ba su iya kokawa ba, ko sa aka sa wa riga zai yi. In ya dawo ɗaki yana ba da labari sai in juya wa bango fuska in ce kaina ke ciwo. Rigarsa da yake shanyawa a ƙusa ta tsaya mini a rai, har na ce tana sa ɗakin wari, alhali ya wanke ta tas. Shi kuwa bai taɓa mayar mini ba. Sai ya dube ni ya ce, "Mutumina, lafiya kuwa?" In ce lafiya lau. Wannan haƙurin nasa ma haushi yake ba ni.

Abin ya kai ni har na je atisayensu wata Asabar da yamma, ban gaya wa Baba ba. Na ce a raina in dai gudu ne na fi su duka, bari in nuna musu. Aka ba ni ƙwallo na zura, na kauce wa na farko, na kauce wa na biyu, sai ga abokina a gabana ya buɗe hannuwa. Da wani ne da ya maka ni da ƙasa, in tashi da mutuncina. Shi kuwa sai ya cafe ni, ya ɗaga ni sama ƙafafuna na reto, ya ajiye ni a hankali kamar kiret ɗin ƙwai. Har ya kakkaɓe mini riga. Filin ya fashe da dariya. Ban sake komawa ba.

Labari ya kai wa Baba. Kwana da kwanaki ba ya ce mini komai a mota sai gaisuwa. Wata rana muna tsaye a cunkoson Ulaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗana na cikina ma can ya koma. Ni na sassaƙa masa sandarsa ta farko." A ranar na gane ni da dattijon nan ciwo ɗaya muke jinya, nasa dai ya fi nawa daɗewa.

Ana haka mudir, wato manajan rukunin gidajen, ya aiko cewa 'yan zari-ruga na neman ƙarin lokaci, kuma shi bai ga dalilin riƙe fili ranar Juma'a saboda wasan da ba mai kallo ba. Ya ce zai zo da kansa mako mai zuwa ya gani. Na faɗi maganar a ɗaki, ba don ina neman taimako ba, don dai in huce. Abokina ya ci gaba da cin shinkafarsa ta kabsa.

Juma'ar na fito daga ɗakin canza kaya na tsaya cak. Benci ya cika. 'Yan Sulay sun yi hayar mota da kansu sun zo cikin rana, ga 'yan zari-ruga da matansu da 'ya'yansu. A gabansu abokina ne tsaye, ya ɗaura rawani da tawul, yana riƙe da galan yana kiɗa. Baba ya zo kusa da ni ya tsaya yana kallonsu, ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Ba su san dokar wasan ba. Suna ihu in ƙwallo ta fita waje, suna shiru in an ci. Abokina suke kallo, in ya ɗaga hannu su ɗauka, in ya sauke su tsaya. Can kusa da tashi wani ya sako mini wata ƙwallo daga kusa, na yi tsalle na doke ta da bakin sanda ta bi ta gefe. Ina kwance a ciyawa na ji filin ya ɗauki sunana. Sunana na yanka, da bakin Turawa da Hausawa, har da kiɗan galan.

Wallahi na ji daɗi. Amma da na ɗago na ga hannunsa a sama yana ba su umarni, sai murnar ta ragu. Tafin ma da na samu, aro ya ba ni daga nasa.

Da aka tashi ya zo ya rungume ni yana haki, ya ce, "Ashe haka ka iya? Wallahi da ni ne a gaban ƙwallon nan da na gudu." Na ce masa ai da bai yi barci ba wancan karon da ya sani tuntuni. Muka yi dariya, dariyar farko da muka yi tare cikin watanni.

Mudir ba yaro ba ne. Ya ƙara mana mako biyu, ya ga benci ya koma na matar Baba da kyanwa, sai ya mayar da mu safiyar Asabar. Muka ci gaba da 'yan tsirarun da suka rage har kwantiragin Baba ya ƙare ya koma gida. Bayan tafiyarsa ba a sake haɗuwa ba. Abokina ya yi shekara biyu yana tashe kafin gwiwa ta hana shi.

Yanzu duk mun dawo Gusau, yana sayar da kayan gini, ni ina da 'yar motar haya. Amincinmu ya fi na da. Na taɓa zama na auna abin, na ga ban taɓa so ya faɗi ko ya ji ciwo ba, ko a ranakun da na fi jin zafinsa. So nake kawai a ce ni ma wani ya ga abin da na iya, ba tare da an roƙe shi ba. Ban sani ba ko wannan ya rage wa kishin muni, amma shi ne gaskiyar abin. Kuma ba zan ce ya mutu gaba ɗaya ba. Har yau in aka zauna a shagonsa wani ya ce a nuna bidiyon Riyad, sai in ji ɗan abin nan ya motsa, don nasa bidiyon sun cika waya, nawa kuwa ko ɗaya babu.

Abin da ya canza shi ne, in ina wucewa na ga ana wani wasa a gefe ba mai kallo, nakan tsaya. Kwanaki na ga wasu samari suna langa a bayan filin ƙwallo, jama'a duk sun ba su baya. Na faka mota na zauna a kan bonet ina kallo, wanda ya yi abin kirki in tafa masa. Suka fara satar kallona, wasan ya ƙara zafi. Ina nan zaune abokina ya kira, ya tambayi inda nake, na gaya masa. Ya ce bari ya rufe shago ya zo mu kalla tare.

Na ce, "A'a mutumina, yi zamanka. Yaran nan yanzu suka samu mai kallonsu, in ka zo kai za a koma kallo."