Yana Arlit

A garin Arlit aka yanke min cibiya, Baba na aikin haƙar yuraniyom, amma sai da na zo Greensboro ta Amurka na san ban san Arlit ba.

Wata na uku ke nan da ɓatan yayana, direban babbar mota mai kai albasa iyakar Aljeriya. Ni kuwa ina kitso a wani shago, ba takardun zama, in na bar ƙasar ba dawowa. Sai Inna ta kira daga garin Tawa inda muka koma, ta ce wani direba ya rantse mata yayana bai ƙetare iyaka ba, yana Arlit.

Na yi murna kamar marar hankali. Garin da na san lungunansa? Na bi tsofaffin maƙwabtanmu da waya ɗaya bayan ɗaya, mai gyaran taya, matar liman, har wadda muka yi shekaru ba ma ga maciji. Kowa ya ce bai gan shi ba. Na ce ƙarya suke, taimako ne ba sa son yi min.

Wani dattijo da ya yi aikin rami tare da Baba, yanzu yana gadi a nan, shi ya ce in same shi a laburaren cikin gari, kusa da tashar bas. Ya buɗe taswirar Nijar, ya nuna Arlit. Ya ce da can ba gari a wurin, rami ne ya haifi garin, garin kuma ya ara wa gundumar sunansa.

"'Yata, ɗora yatsa a kan garinku."

Na ɗora, yatsana ya rufe shi ruf.

"To, rufe min gundumar."

Tafin hannuna bai isa ba. Duwatsun Ayar ta gabas, sauran duk rairayi har Asamaka, bakin iyaka. Direban bai yi ƙarya ba, ni ce na ji abin da nake son ji. Tsoro ya kama ni.

Ran Juma'a Inna ta kira. Ta ce ta sa an gyara masa ɗakinsa, ko na samu wanda ya gan shi?

Na dubi tafin hannuna.

"Yana Arlit, Inna."

Ta ce alhamdu lillahi, ai gida ne.