Faifan Panshi da Bencin Jere

Idan ka shiga unguwar Wusakile a Kitwe ka tambayi gidan Kasonde kafinta, ba wanda zai ba ka lambar gida. Cewa za a yi, "Bi layin nan, inda ka ji kiɗan nan mai sa barci, ka iso." Ba sharri suka yi masa ba. Tun kafin a haifi yawancin masu yin kwatancen, faifai ɗaya ke juyawa a rumfarsa, tsakanin ƙarar zarto da guduma.

Daga wani ƙauye kusa da Kasama ya zo yana saurayi, ya samu aiki a ɗakin kafintoci na kamfanin haƙar tagulla. A sama ya yi aikinsa, bai taɓa shiga rami ba, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Zamanin ne na wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, zamanin da kowane yaro a garin yake ganin in ya samu jita to duniya ta zama tasa. Ƙungiyar da ta fi kowace tashe ita ce Akalumba, kuma jagoranta Boni Lupiya, wani siririn mutum da ke sa jita ta yi ihu har 'yan mata su toshe kunne suna dariya.

Da ƙungiyar ta watse, Boni ya shiga ɗakin ɗaukar kiɗa shi kaɗai ya fito da faifan da ya sa wa suna Panshi, wato "ƙasa" a yarensu. Mutane suka yi rububin saye, suka kai gida, suka ɗora allura suna jiran ihun nan da suka saba. Shiru. Sai babbar jita mai kaurin murya tana gurnani a hankali, da ganga a bayanta, da Boni yana waƙa ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin mara lafiya. Kafin wata ya ƙare an sa wa faifan suna kiɗan zaman makoki. Wasu har faifan rufe tukunyar munkoyo, abin shansu na masara, suka mayar da nasu.

Kasonde kuwa ji ɗaya ya yi masa ya kamu. In ka ba shi dama, wanda ba na ba ka shawara ba, zai ajiye guduma ya yi maka bayani. Zai ce a Akalumba Boni yana nuna wa mutane abin da yatsunsa suka iya ne, a Panshi kuma ya faɗi abin da ke ransa. Zai ce ka saurari inda yake yin shiru ya bar ganga ita kaɗai, don ba kowane makaɗi ke da zuciyar yin shiru ba. Akwai waƙar da Boni ya yi wa mahaifiyarsa mai sayar da busasshen kifi, inda muryarsa ta karye a tsakiya bai sake ɗauka ba, ya bar ta haka. Kasonde ya ce wannan karyewar ta fi masa duk ihun jitar da aka yi a ƙasar. Da wannan faifan ya nemi matarsa Bana Mwape, wato uwar Mwape, kuma har gobe tana cewa ta aure shi ne don ta ga ko zai kashe abin.

Ya haifi 'ya'ya, ya aurar, ya bar kamfani, ya kafa rumfa a gaban gidansa yana yin kujeru da akwatunan sifika na masu biki. Bai yi arziki ba, bai kuma kwana da yunwa ba. Abin da ya fi so a mako shi ne Asabar da rana, lokacin da Jere ke zuwa.

Jere Bangoni ne, Kasonde Babemba, wato abokan wasa, waɗanda zagi ne gaisuwarsu. Ƙato ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa riƙe da injin fasa dutse. Tun daga bakin layi yake fara magana.

"Ɓarawo, maciyin biri, wa ya mutu kuma a gidan nan?"

"Ɓeran da za ka ci da rana ne, muna yi masa addu'a. Zauna."

"Cire wannan abin ka sa mana kiɗan maza."

"Mutumin da ke soya ɓera da jelarsa ne zai koya mini daɗi?"

Haka za su yi ta yi har Bana Mwape ta kawo tuwon masara da miyar ganye da gyaɗa, su ci, su wanke hannu, su ɗora daga inda suka tsaya. Kasonde bai taɓa cin nasara ba, bai kuma damu ba. Musun ne abincinsa.

Sai kunnen Jere ya fara tafiya, kamar yadda yake yi wa yawancin waɗanda suka riƙe injin nan. Da farko abin dariya ne, a ce masa gabas ya amsa yamma. Daga baya ya daina mayar da martani, don ba ya jin abin da aka ce balle ya rama. Zai zo ya zauna, ya ci tuwo, ya yi murmushi. Wata Asabar da zai tafi, ya miƙa wa Kasonde hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ba Kasonde, na gode ƙwarai. Abinci ya yi daɗi."

Kasonde ya ji kamar an mare shi. Tunda suke Jere bai taɓa sa masa "Ba" a gaban suna ba. Wannan girmamawar ta baƙi ce da surukai. In abokin wasanka ya fara yi maka ladabi, to zumuncin ne ke mutuwa kana kallo. Tsoro ya kama shi sosai.

Asabar ta gaba ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya sauke Panshi, ya karkaɗe wani tsohon faifan Akalumba, ya ƙure ƙara har kajin maƙwabta suka watse. Jere ya zauna yana kaɗa kai, amma kan yana tafiya dabam, kiɗan dabam. Siririn sauti shi ne farkon abin da ya ɓace masa, kuma Akalumba ba su da komai sai shi. Da faifan ya ƙare bai ma sani ba, ya ci gaba da kaɗa kai a cikin shiru. Bana Mwape ta juya ta shige kicin. Asabar ɗin da ta biyo baya Jere bai zo ba, wadda ta bi ta ma haka.

Kwanakin nan Kasonde ya rasa abokin faɗa, sai ya koma faɗa da ƙusa. Wata safiya yana gwada akwatin sifikar wani mai biki, ya sa Panshi, ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon don ya ji ko akwai inda ke rawa. Gurnanin babbar jitar ya bi hannunsa har kafaɗa. Ya daɗe tsaye a haka. Sannan ya ture akwatin mai biki gefe, ya jawo katakon mukwa mai kyau da yake ɓoyo.

"Bashi Mwape, me kake haɗawa haka? Ya yi kama da akwatin gawa," in ji matarsa, da ke kiransa haka, wato baban Mwape.

"Benci ne."

"Benci mai ciki?"

"Na wani mai ciki ne."

Ya yi shi da rami a ciki, ya ɗaure manyan sifiku biyu suna kallon sama a ƙarƙashin wurin zama, ya sa majingina siririya don ta ɗauki motsi. Ran Asabar ya tafi gidan Jere da kansa. Ya tarar da shi a gindin mangwaro yana kallon hanya. Bai ɓata bakinsa ba, ya kama hannun rigarsa ya ja, kamar mai jan akuya kasuwa. Jere ya biyo shi yana cewa, "Ba Kasonde, da ba ku wahalar da kanku ba."

Ya zaunar da shi a bencin, ya ɗora allura. Jere ya zabura kamar wanda kunama ta harba, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya koma ya zauna a hankali. Ya shimfiɗa tafukansa biyu a kan katakon. Kasonde ya yi kamar yana neman wani abu a cikin akwatin kayan aiki, amma da wutsiyar ido yana kallon ƙafar Jere. Ƙafar ta ɗaga, ta sauka, daidai kan ganga. Ta sake.

Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta shiga. Can Jere ya yi magana, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa.

"Akwai mai taka ƙasa a cikin nan."

Kasonde ya girgiza kai, ya nuna ganga da hannu.

"Ba ganga ba. A ƙarƙashinta. Takalmin rami ne a kan daɓen katako." Ya rufe ido. "Tafiyar masu tashi daga aiki ce, in an fito daga kejin da ke hauro da mu daga rami, ƙafa ta yi nauyi. Haka muke tafiya. Wannan yaron Boni ya san mu."

Kasonde ya zo ya zauna a gefensa. Ya kasa kunne, bai ji komai ba. Sai da ya daina saurare ya bar katakon ya yi masa magana, sannan ya same shi: wani taku mai nauyi, mai jan ƙafa kaɗan, yana bin waƙar tun daga farko. Faifan da ya haddace kamar sunansa, ashe da sauran abin da bai sani ba a ciki. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Jere ya buɗe ido ya dube shi sama da ƙasa.

"Tun muna samari kake cika mana kunne da shi, ashe kai ma ba ka taɓa jin sa ba. Ina za ka ji? Mutumin da ko rijiya bai taɓa leƙawa ba. Kai dai ba ka iya komai ba sai satar katako da cin biri."

Daga kicin aka ji Bana Mwape ta fashe da dariya. Allura ta kai ƙarshe tana kartar faifan.

"To me kake jira?" in ji Jere. "Tashi ka juya mana ɗaya gefen."