Inna Balki da Mayafan Ulu

Shekara tara ke nan da Allah ya yi wa Inna rasuwa a Gummi. Ni ce autarta. Duk shekara idan watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana ma ba ƙarfi na samu ba, kawai dai na ga shekarun suna ta tafiya, masu saninta kuma suna ta raguwa.

Sunanta Balkisu, amma a unguwa Inna Balki mai saƙa ake ce mata. Gwado da majanyi take saƙawa a masaƙar mata, irin wadda ake jinginawa da bango, kamar yadda ta koya wurin kakarta. Aikin Hajji ne ya sauya mata hannu. A Madina zazzaɓi ya kama ta, tana zaune a harabar masallaci tana rawar ɗari, sai wata tsohuwa 'yar Pakistan da ke gefenta ta cire mayafinta ta lulluɓa mata. Ba su jin yaren juna, amma kwana shida suna haɗuwa a wuri ɗaya suna hira da hannu. Da tsohuwar ta ga Inna tana juya mayafin tana bin zarensa da farce, ta gane masaƙiya ce, ta nuna ƙirjinta alamar ita ma aikinta ke nan. Ranar rabuwa ta bar mata mayafin, ta ƙara mata da riga da wando irin na matan ƙasarsu.

Mayafin na ulu ne, saƙar hannu, ba nauyi amma da ɗumi. Inna ta dawo gida ta ce sai ta saƙa irinsa. Ta je ruga wurin ƙawayenta Fulani ta roƙi a aske mata gashin tunkiya. Sun yi mata dariya, amma sun aske. Kwana da kwanaki tana fama da mazari, gashin ya ƙi murɗuwa, don tumakinmu ba irin na Pakistan ba ne. Ina tuna ranar da ta ture kwandon gashin gefe ta ce, "Wanga gashi ba ya jin magana." Ba ta haƙura ba. Ta koma wurin masu gwanjo tana zaɓo tsofaffin rigunan sanyi na ulu, ta warware su zare-zare, ta wanke, ta ɗaura dutse a ƙasa ta rataye har lanƙwasar ta miƙe, sannan ta hau saƙa. Na farko ya fito kamar buhu. Sai a shekara ta biyu ta saƙa wanda ta yarda a fita da shi.

Rigar da wandon kuwa, da reza ta farke ɗinkinsu, ta shimfiɗa a tabarma, ta zana kowane yanki a takardar buhun siminti, sannan ta mayar ta ɗinke. Daga waccan takarda matan unguwarmu da dama suka fara sa ɗinkin Pakistan. Ita kanta takan sa wandon a ƙarƙashin zane, Baba yana tsokanarta, tana cewa shi bai san daɗinsa ba.

Yau idan na shiga kasuwar Anka, inda aure ya kawo ni, nakan tsaya gaban rumfunan kayan mata in yi tunanin abin da za ta ce. Ga riga da wando da gyale an ɗinko daga waje an rufe a leda, ga mayafai kala-kala na inji, wasu ma ta waya ake zaɓa a aiko. Na san za ta ɗaga ɗaya ta duba bayansa, ta murza shi tsakanin yatsu, ta ajiye ta wuce gaba. Ba kayan ne za su fi damunta ba. Abin da zai dame ta shi ne yanzu mace ba ta tashi daga Gummi ta tafi Anka don kawai ta ga jika, sai an tambayi lafiyar hanya, an sake tambaya. Rugar ƙawayenta ta tashi tuni, ban san inda suka nufa ba. Masaƙarta kuma, wata damina bango ya faɗo mata. Ni ban koyi saƙar ba. Ta sha kirana in zauna, ina cewa ina da jarrabawa, daga baya ina cewa ina da goyo.

Wata biyu da suka wuce na je ta'aziyya Bukkuyum. Cikin matan da ke zaune wata ta yi ta kallona, can ta matso ta ce, "Ke ɗiyar Inna Balki ta?" Sunanta Hassi, daga wani ƙauye kusa da Yargalma. Ta ce a shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara, ta yi makonni a asibiti da ɗiyarta 'yar shekara biyu. Na san a lokacin Inna ta zo Bukkuyum ta zauna gidan ƙaninta, ta ce mana duba marasa lafiya take zuwa. Ban san iyakar abin da take yi ba. Hassi ta ce kullum da hantsi Inna takan shigo da ƙullin zare, ta raba wa iyaye matan da ke zaune sun zuba wa 'ya'yansu ido, ta ce su taya ta warwara da naɗi, wai aiki ya yi mata yawa. Sai daga baya suka gane ba taimakonsu take bukata ba. Damina ce, ana sanyi, ta saƙa wa yara ƙananan mayafai. Ɗiyar Hassi ba ta tashi ba. Bayan sadakar arba'in Hassi ta bi Inna gidan ƙanin nata, ta zauna ta koyi saƙar.

Har yau tana yi. Ta ce ba kasuwa take kaiwa ba, duk jaririn da aka haifa a ƙauyensu takan saƙa masa ɗaya. Ta tambaye ni irin zaren da nake aiki da shi, na ce mata ban iya ba. Sai ta ce, "To ki taho in koya miki. Kayan uwarki na, ajiya ta ba ni."

Na yi ta zaton abin da Inna ta bari shi ne mu 'ya'yanta da gidan Gummi. Ashe mafi yawansa yana hannun wata mata da ban taɓa jin sunanta ba sai ranar. Ban je ba tukuna. Hanyar ba daɗi, idona ma ya fara rauni. Na dai ce wa Hassi ta jira ni bayan girbi, ta ce tana nan.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.