Alkunyar da ta kusa raba ni da ɗana

Shekarun baya, can ƙarshen shekarun saba'in, muna zaune a Alƙahira, unguwar Muhandisin. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu, ni kuwa aikina girki da leƙen titi ta baranda. Mun daɗe da aure Allah bai ba mu haihuwa ba. Na sha saiwoyi a gida, na sha allurai a Masar, har na gaji na bar wa Allah.

Maigidana yana da wani aboki, mutumin Damagaram ta Nijar, da ya zo karatun addini tare da matarsa. Ni da ita mun shaƙu sosai, don ita kaɗai nake samu mu yi Hausa har mu ƙoshi. Ta haifi namiji, ko suna ba a yi ba Allah ya karɓi abarsa. Bayan sadakar uku sai ga mijin da jariri a tawul, idonsa jawur, ya ce, "Yaya, ki riƙe min shi kwana biyu, kafin in san inda kaina yake."

Kun dai san kwana biyun Bahaushe. Yaro ya yi haƙori a hannuna, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafarsa, ya fara zagin mai gadin gidanmu da Larabci. Uban yakan zo ran Juma'a ya ɗauke shi su zaga gari, ya dawo da shi hannu duk danƙon alewa. Wata rana ya ce wa maigidana shi kam ya bar mana, duniya da lahira.

Ban san ranar da na fara yi masa alkunya ba. Ban zauna na shirya ba. Na dai wayi gari bakina ya ƙi kama sunansa, sai dai in ce Ɗan Masar, ko yaron nan. In da baƙi ba na ɗaukarsa, ba na yi masa wasa. 'Yan yanzu da kuke kiran ɗan fari gatsal, har da sumba a gaban surukai, ba za ku gane ba. Mu haka muka ga iyayenmu suna yi.

Yana cikin shekara ta huɗu aka ce an mayar da maigidana gida. A nan ne ido ya raina fata. Yaro ɗan Nijar, an haife shi a Masar, za shi Najeriya da mutanen da ba su haife shi ba. Misirawa suka ce su ba su san mayar da ɗan wani naka ba, sai dai kafala, wato riƙo, yaro ya ci gaba da amsa sunan ubansa. Muka ce ai mu ma abin da muka sani ke nan. Mutanen Nijar suka ce ba za su bari a sa shi a fasfona ba sai dangin uba sun yarda, sai kuma hukumar Masar ta shaida yaron yana hannu nagari. Maigidana ya yi ta hawa da sauka a wani ƙaton ofishi a tsakiyar gari, kullum amsa ɗaya: ma'alish, bukra. Yi haƙuri, sai gobe. Gobensu kuwa ta fi kwana biyunmu tsawo.

Daga ƙarshe aka turo wata ma'aikaciya ta zo ta ga zamanmu. Na share gida har ƙarƙashin gado, na dafa shayi, na sa wa yaro sabuwar riga. Maigidana ne tafinta.

"Ya madam, yaya sunansa?"

Na sunkuyar da kai na ce wa maigidana, "Malam, faɗa mata mana."

Ta ɗaga gira. Yaro ya rugo ya faɗa cinyata, na ture shi a hankali na ce ya je ya yi wasa. Sai ta tambaya ko ina sonsa. Jama'a, a gaban mijina, a gaban baƙuwa! Na ce, "To, ga shi nan dai." Maigidana kuma, Allah ya saka masa, ya fassara mata daidai yadda na faɗa, ko gishiri bai ƙara ba.

Matar nan ta fito daga mutanen da uwa ke tsayawa tsakiyar titi tana kiran ɗanta ya habibi, ya ruhi, wato masoyina, raina. Ta shanye shayinta, ta ce a ganinta ni mai raino ce kawai, ba za ta sa hannu ba. Ni kuwa har na raka ta ƙofa ina jin na burge ta da tarbiyya. Da Malam ya faɗa min abin da ta ce, na shiga kicin na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Ana cikin haka sai ga kakar yaron, mahaifiyar ubansa, ta biyo ta Alƙahira a hanyarta ta dawowa daga aikin hajji. Labarin ma'aikaciyar ya riga ya kai mata. Ta sauka a gidanmu, 'yar tsohuwa siririya mai kaifin ido, kuma tun a daren farko na ga sabon majanyi saƙi a saman kayanta. Ban tambaya ba. Na san goyon wa aka saya wa.

Na yi mata tuwo da miyar kukar da nake ta tattali. Kwanakin da ta yi ba ta ce min uffan a kan yaro ba, kallo kawai. Ranar da ya faɗo daga kan kujera ya fasa leɓe, na zabura, sai na tuna tana zaune, na koma na tsaya ina murza bakin zanena, har ita ta ɗauke shi.

Da la'asar ta kira ni. "Ɗiyata, zo nan. Yaya sunan jikan nawa?"

Na ce, "Inna, ai kin sani."

"Na sani. Ke nake son ji."

Na kawar da kai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Na yi riƙo, an yi min riƙo. Mai riƙo ba ta alkunya, ta kira suna ta yi wasa, ba ruwanta. Wadda ta haifa ita ke yin abin da kike yi. Gobe ku kai ni wajen Balarabiyar nan."

Aka kuwa kai ta, ɗanta yana yi mata tafinta. Ta nuna shi da sandarta ta ce, "Faɗa mata kai ne ɗan farina. Faɗa mata gaskiya, ƙato kamar kai, ka taɓa jin sunanka a bakina? Amma wa ya sayar da awakinsa kaf ya turo ka karatu?" Bawan Allah yana fassarawa yana share gumi. Ma'aikaciyar ta dube shi, ta dube ni, ta dafe ƙirji ta ce, "Ya salam!" Sai ga ta tana dariya tana goge ido. Ta ce halas, magana ta ƙare, ta sa hannu. Sauran takardun ba su ƙi ci mana rai ba, amma sun fito.

Ranar da tsohuwa za ta tafi ta miƙo min majanyin nan ta ce, "Ya yi girma da goyo, amma ki ajiye. Na jikokinki ne."

Abin da na koya shi ne, so ma yana da yarensa, kuma in ka je garin mutane sai ka nemi tafinta nagari, ba irin Malam ba. Ɗan Masar yanzu magidanci ne da furfurarsa, yana zuwa Damagaram gaida dangi, kuma duk 'ya'yansa da majanyin nan na goya su. Kwanaki 'yar autarsa ta tsare ni wai sai na faɗi sunan babanta, ko na manta ne. Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Ban manta ba. Kullum ina faɗarsa sau biyar, goshina a ƙasa, inda Mai ji ɗaya ne.