Na'urar da ke Suma Lokacin Alwala

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Zariya, ni da abokin aikina, kwamfuta a cinyata. Hankalina ba a kwance yake ba. Wata uku da suka wuce na haɗa wa wani manomin shinkafa a fadamar Kwalkwalawa 'yar na'ura mai kunna injin ban ruwa da kashe shi. Yanzu kullum sai ta suma, injin ya tsaya, ga shinkafa ta fara fitar da kai. A waya ya ce in Juma'a ta yi ban zo ba, gulbi zai jefa ta.

A Funtuwa muka karya da ƙosai da kunu, ƙosan kuwa ya ƙanƙance tun zuwana na baya, kuɗin ne kawai ya girma. Daga Gusau ramuka suka karɓe mu, amma abokin nawa barcinsa yake sha har da minshari. A Talatar Mafara mai fura ce ta tashe shi, ba ni ba. Muka shiga Sakkwato da yamma cikin zafin da sai wanda ya sha shi ya sani, muka sauka wajen wani ɗan'uwana a Ƙofar Marke.

Bari in yi muku bayani kaɗan. Rediyo ɗaya ne a cikin na'urar, amma aiki biyu ke rabonsa: waifai mai aika rahoton ruwa, da bulutut mai jiran wayar mai gona. Kamar ɗaki ne mai ƙofa ɗaya. Sati biyu na gwada ta a ofis, ko tari ba ta yi ba.

Da safe muka isa gona, na jona kwamfuta na zauna a gindin mangwaro. Har rana ta take ruwa na zuba lafiya lau. Mai gona yana tsaye a kaina, ni kuma kunya ta ishe ni, domin ba a gyara abin da bai lalace a gabanka ba.

Azahar na yi sai ga maƙwabtansa daga gonaki, kusan su goma sha biyar. Ashe a bakin bututunsa suke alwala, don ruwansa ya fi sanyi. Na farko bai gama wanke fuska ba injin ya yi shiru. Na sake kunnawa, ya sake mutuwa.

"Ka gani ko, injiniya?" in ji mai gona. "Da mun taru sai ta mutu. Har an ce in kira malami ya yi mata addu'a."

Sai idona ya faɗa kan wasu dattawa biyu sun haɗa wayoyinsu kai da kai. Na tambaya, ɗaya ya ce karatu yake tura wa ɗan'uwansa. Na ce wa da wa ke da bulutut a kunne? Duka suka ɗaga hannu.

"To don mi za a kashe shi?" in ji dattijon. "Da shi muka samun wa'azi."

Nan na gane laifina. Duk wayar da na'urar ta hango sai ta ruga ta duba ko ta mai gona ce, ta fizge rediyon ana tsakiyar aika rahoto. Ni kuwa da waya ɗaya tak na yi gwaji. Na gyara manhajar yadda kowane aiki zai jira ɗan'uwansa ya gama kafin ya taɓa rediyo, sannan na roƙe su kowa ya dawo da la'asar, kada ya kashe komai.

Suka dawo har da ƙari. Na zuba wa bakin bututun ido. Na farko ya yi alwala, na biyar, na goma, ruwa bai ko girgiza ba. Ni na yi ta ƙarshe, na tsaya ina wasa da ruwan har liman ya yi gyaran murya. Bayan sallah mai gona ya sa aka kawo tuwon shinkafa da kifi, ya ce yau gulbi ya yi asara.

Washegari muka kamo hanya, wannan karon ni na yi minsharin. Abin da na koyo shi ne, na san na'urata ciki da waje, amma ban taɓa tambayar inda mutanen ke alwala ba. Ina shiga gida na tattara wayar uwargida da ta maƙwabta, na kunna bulutut ɗinsu, na jera su gaban sauran na'urorin da na haɗa da tsohuwar manhajar, waɗanda ban kai wa masu su ba tukuna. Biyu suka suma nan take.