Lambar da Bawah Ya Haddace

Mahaifiyata, Hajiya Habibatu, da muke kira Mma, ba ta yarda da duk wanda ya shigo gida da tsani a kafaɗa ba. Mai duba mita, mai gyaran kwano, mai ɗaura eriya, a wurinta duk ƙare wa gida kallo suka zo yi. Shekara talatin ta yi tana sayar da turare da atamfa a bakin kasuwar Kumasi, kuma har ta bar kasuwar ba a taɓa yi mata wayo ba. Ita ta faɗa.

A ɗakinta akwai tarho, a da fari ne, yanzu ya koma kalar koko. Marigayi babanmu ya sa shi tun lokacin da duk layinmu a Zango mu kaɗai ke da waya. Lambar nan kaɗai yayana Bawah ya haddace kafin ya kama hanyar Libiya, yau shekara goma sha ɗaya. Sau huɗu ya taɓa kira, kullum ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kullum a wayar aro. Sau biyu Mma ta karanta masa lambar salularta, ya ce, "Bari kawai, Mma, wannan ce a kaina." Shi ya sa ranar Juma'a ko biki ake a gidan maƙwabta ba ta leƙawa.

Ni kuwa, Rakiatu, mayafai nake sayarwa a intanet, kuma intanet ɗinmu tsohuwar wayar tarhon nan yake bi. Hoto ɗaya sai in dafa shayi in shanye bai tafi ba. Da kamfani ya kawo faiba unguwarmu, sabuwar waya mai sauri, ban tsaya wata-wata ba na rubuta sunanmu.

Kai, na sha tambaya a wurin Mma! Wa ya aiko su? Me za su yi da tsohuwar wayar? Ina aka taɓa ba mutum sabo ba a raba shi da wani abu ba? Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Mma, sai ka ce ɓarayi za mu kawo!"

Ran Laraba ma'aikacin ya zo, wani dattijo mai haƙuri, Malam Alidu. Mma ta jawo kujera ta zauna a gindin tsaninsa, carbi a hannu, ido a kansa.

"Malam, lambata fa?"

"Tana nan, Hajiya. Ko lamba ɗaya ba za ta canja ba."

"Ka rantse."

Bawan Allah ya rantse. Ya kafa ɗan akwati a bango, ya jona shi da wuta, ya cire igiyar tarhon daga tsohon gurbinta ya soka a bayan akwatin. Ya kira lambar da wayarsa, tarho ya yi ƙara. Ta ce ba ta yarda da wayarsa ba, sai da aka kira da tawa, aka kira da ta Hadija maƙwabciyarmu. Sannan ta bari ya yanke tsohuwar wayar ya nannaɗe. Har ya kai ƙofa tana cewa, "Akwai abin da ba ku faɗa mini ba." Na harare ta, kunya kamar in nutse.

Ran Juma'a, ana kiran salla, aka ɗauke wuta. Ban damu ba, yau muka fara gani? Ina tsakar gida ina ninke mayafai Mma ta kira ni da wata irin murya. Na tarar da ita riƙe da kan tarhon a kunne.

"Rakiatu, zo ki ji. Ba ya numfashi."

Na karɓa. Shiru. Na dubi akwatin, fitilunsa duk a mace. Sai a lokacin na gane. Tsohuwar wayar ba ruwanta da wutar gida, ko kwana aka yi a duhu tana aiki. Na kira Malam Alidu. Ya ce wallahi bai yi tunanin faɗa ba, ai kowa na da salula yanzu, amma akwai batirin da ake jonawa, zai kawo gobe. Gobe!

Sai bayan la'asar wuta ta dawo. Na shirya shan faɗa, har na fi son ta zage ni. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta ɗaga kan tarhon, ta saurara, ta ajiye a hankali.

Na ce, "Mma, ƙila ma bai kira ba. Shekara biyu fa rabonsa."

Ta ce, "Na sani. Duk Juma'a ina tashi daga nan da sanin bai kira ba. Yau ko wannan ban sani ba."