Ranar da Matsuzo Bai Busa Usur Ba

Duk tsibirin babu mai bakin Maedomari Matsuzo. Shekara arba'in yana sana'ar su, da gwiwa ta ƙi sai ya ajiye kwale-kwale, shi da matarsa Tsuru suka mai da ɗakuna uku masaukin baƙi. Babu wanda ya naɗa shi mai gadin teku, shi ya naɗa kansa. Kullum yana gindin bishiya da usur a wuya, idonsa a kan ƙofar murjani.

Katangar murjani, wato duwatsun da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, ta kewaye bakin ruwan, cikinta ruwa kwance lumui kamar na randa. Amma akwai giɓi guda, nan ne ƙofar. In teku ta fara janyewa, duk ruwan cikin ta nan yake fita, da ƙarfin da gwanin ninkaya ma ba ya iya ja da shi. Da baƙo ya doshi wurin sai usur, sai zagi ya biyo baya.

"Kai mai jan wando! Uwarka kifi ce? Dawo nan!"

Baƙi su yi dariya su dawo, har hoto suke ɗauka da shi suna kiransa Ojii, wato kaka. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: shekara goma sha tara yana zaman nan, teku ba ta ci masa mutum ko guda ba.

Hayase malamin makaranta ne daga birnin Nagoya, can nesa da tsibirin, shi da matarsa Kumiko sun sauka gidan sau huɗu. Ya sha zagin Matsuzo har ya haddace, yana kwaikwayonsa a wurin cin abinci. Zuwansu na biyar ya faɗo a Soron, kwana ukun da kakanni ke dawowa gida daga lahira. A kwanakin nan ɗan tsibiri ko ƙafa ba ya tsomawa a teku, tun yana goye ake gaya masa matattu za su ja shi. Don haka Matsuzo ya rataye usur a ƙusa, ya zauna yana jera rake da naman alade da turare a gaban allunan da ke ɗauke da sunayen iyayensa da suka rasu.

Da hantsi baƙin suka fito da jaka a kafaɗa. Tsuru ta leƙo daga kicin.

"Kai tsoho, ka gaya musu kuwa?"

"In gaya musu me? Wane mahaukaci ne zai shiga ruwa ran Soron? Kawo min shinkafar nan, ke dai kin cika surutu."

Ga mutumin da ya san kowane dutse a ƙarƙashin ruwan nan, amma ya manta cewa baƙo ko da ido makaho ne. Abin da aka haife shi a ciki, ya ɗauka duk duniya ta sani. Da suka gaishe shi har cewa ya yi su dawo da wuri, akwai miya.

Bayan azahar Kumiko ta shigo gari a guje, ba takalmi, tana kururuwa. Masunta suka kalli juna, don babu mai son tura jirgi a wannan rana. Matsuzo ne ya fara jan nasa da gurguwar gwiwarsa, sannan kunya ta sa saura suka bi. Sai washegari aka samu gawar Hayase, can bayan katanga.

Maƙwabta suka yi ta zuwa ba shi haƙuri. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in ji su, kakanni ne suka ja shi. Wannan magana ta fi komai ƙona masa rai.

"Ku bar ɗora wa matattu laifi," ya ce. "Ruwa ya janye ƙarfe ɗaya da rabi. Na sani tun da asuba, ina zaune ina yanka rake."

Ya so Kumiko ta zage shi, da ya ji sanyi. Ba ta yi ba. Ranar da za ta hau jirgi ta rusuna ta gode masa da neman da ya yi. Shi ne ya kasa haƙuri ya tambaye ta.

"'Yata, mijinki bai ga bakin ruwan babu kowa ba? Bai ji tsoro ba?"

Sai ta ce masa:

"Ni na ji tsoro, Ojii. Na ce mu koma. Sai ya yi dariya, ya nuna min gindin bishiyarka, ya ce da akwai haɗari yau, da tsohon nan yana nan yana zaginmu."

Matsuzo ya rayu shekara shida bayan haka. Masaukin ya ci gaba, baƙi na zuwa suna tafiya, amma ba a sake jin ya tsokani kowa ba. Kowane Soron kuwa Tsuru kaɗai ke tarbar kakanni, tana ba su haƙuri cewa ɗansu yana bakin teku da usur a wuya.